Injin da ba shi da laifi aka kashe: hatsarin Kegworth da gejin girgizar da ba wanda ya duba

Ranar Lahadi 8 ga Janairun 1989 da misalin ƙarfe takwas saura minti takwas na dare wani jirgin kamfanin British Midland ya tashi daga filin Heathrow na Landan zai je Belfast, da mutum 126 a ciki, fasinja 118 ma'aikata 8. Jirgin Boeing 737-400 ne sabo dal, ko wata uku bai cika a hannun kamfanin ba, duka-duka awa 521 yai a sama. Minti 32 da tashi sai ga shi kwance ya rabe gida uku a gangaren babbar hanyar mota ta M1 kusa da ƙauyen Kegworth, saura kamar mita 900 ya kai titin sauka na filin East Midlands. Mutum 47 suka rasu, 74 suka ji munanan raunuka. Abin da ya sa har yau ake koyar da wannan hatsarin a makarantun tuƙin jirgi shine injin hagu ne ya lalace amma na dama aka kashe, kuma tun daƙiƙun farko akwai wani ɗan geji a gaban matuƙan da yake nuna ainihin wanda ya lalace ɗin, ba wanda ya ɗauki maganarsa.

Kafin mu shiga abin da ya faru cikin jirgin bari in ɗan yi bayanin gejojin, dan in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Matuƙi fa baya ganin injinsa, yana can gaba injunan suna baya ƙarƙashin fiffike, duk abin da ya sani game da lafiyarsu ta geji ya san shi. Injin da ke jikin wannan jirgin sunansa CFM56-3C1, na haɗin gwiwar General Electric ta Amurka da Snecma ta Faransa. A bakinsa akwai ƙatuwar fanka mai fukafukai 38, a bayanta kwampireso da ke matse iska, sai ɗakin da ake ƙona kananzir, sai wasu fankokin a can baya waɗanda zafin wutar ke juyawa su kuma su juyo na gaban. Sandunan ƙarfe biyu ne suke wannan aikin ɗaya a cikin ɗaya. Gudun ta farko mai ɗauke da babbar fankar shine gejin da aka rubuta wa N1, gudun ta biyun N2, kuma ba da adadin juyi ake nuna su ba, da kaso cikin ɗari ne. Sai EGT, wato zafin hayaƙin da ke fita, wanda ake aunawa da wasu tsinkaye masu waya biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu, in zafi ya taɓa mahaɗar sai ta haifar da 'yar wutar lantarki daidai gwargwadon zafin. Sai gejin yawan man da injin ke sha. Waɗannan huɗun su ne manya, su ido ke fara sauka a kai. Sauran kuma, matsin baƙin mai da zafinsa da yawansa da kuma girgiza, an ware su a wani allon na biyu a gefe.

Gejin girgizar nan shi ne maganarmu. Kowa ya san fankar silin in fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe yadda take rawa har kaji kamar zata tsinko, to haka abin yake a injin jirgi sai dai nan fankar faɗinta inci 60 ne kuma tana juyi dubbai a minti ɗaya, ko ɗan guntu ne ya ɓalle nauyi ya karkace dole ƙarfe ya amsa. A jikin injin ana ɗaura sensa guda biyu, ɗaya kusa da boris na farko a bayan fankar ɗaya a can bayan injin, a cikin kowace akwai wani ɗan dutse mai ƙyalli wanda in aka matsa shi yake fidda caji, to girgizar ce ke matsa shi tana saki. Wata 'yar kwamfuta sai ta karɓi wannan cajin ta tace shi, ta kwatanta da gudun N1 da N2 dan ta ware girgizar da ta fito daga juyin injin daga sauran hayaniyar jirgi, sannan ta aika sakamakon ga geji mai lamba daga 0 zuwa 5. A 737-400 wannan tsarin yana aiki sosai, ba na wasa bane.

To da ƙarfe 8:05 suna cikin hawa sun kai ƙafa 28,300, sai fiffike na 17 na fankar injin hagu ya karye. Nan take jirgin ya kama jijjiga da ƙara kamar ana dukan ƙarfe, warin ƙuna da ɗan hayaƙi suka shigo ɗakin matuƙa ta iyakwandishan, dan iskar da ake shaƙa a jirgi daga kwampireson injin ake tatso ta. Guntun da ya karye ya goge bangon cikin injin, iska ta daina tafiya daidai, injin ya riƙa shaƙewa yana aman wuta ta baya. Baƙin akwati ya nuna komai ƙarara: N1 na hagu yana hawa yana sauka, zafin hayaƙinsa ya tashi, mansa yana rawa, gejin girgizarsa kuwa cikin daƙiƙa biyu ya buga 5, ƙarshen ma'aunin kenan. Na dama ko gezau, duk alluransa suna inda suke.

Kyaftin ya karɓi tuƙi daga hannun mataimakinsa ya cire otomatik, ya tambaye shi wane injin ne. Na'urar ɗaukar murya ta riƙe amsar, mataimakin ya fara cewa na ha... sai ya katse yace na dama ne. Kyaftin yace to ja totur ɗinsa baya. Daƙiƙa 19 kacal tsakanin fara girgizar da jan totur ɗin. Daga baya da masu bincike suka tambayi mataimakin me ya gani a geji da ya sa ya faɗi haka, bai iya tunawa ba.

Nan ne ƙaddara ta yi musu wani irin wasa mai wuyar kaucewa, kuma ni a ganina nan ne zuciyar lamarin gaba ɗaya. Jirgin yana da totur mai sarrafa kansa, wanda aikinsa ya riƙe gudun fanka a inda aka ce masa. Da fankar hagu ta karye gudunta ya ragu sai shi kuma ya dinga ƙara wa injin mai dan ya dawo da gudun, ƙarin man nan kuma shi ke ƙara shaƙe shi. Kafin ka ja totur ɗin injin ɗaya da hannu dole ka fara cire wannan otomatik ɗin, kuma in ka cire shi ka cire wa injuna biyun ne. Suna cirewa aka daina ɗura wa na hagun mai, ya samu sa'ida ya daina aman wutar, jijjigar mai ƙarfi ta lafa, hayaƙin ma ya fara washewa. Kai in kaine me zaka ce? Ka ja totur ɗin dama, ciwo ya tafi, ai shikenan ka kama ɓarawo. Minti biyu da daƙiƙa bakwai da fara matsalar suka rufe wa injin dama mai suka kashe shi ɗungurungum, lafiyayyen injin da ko tari bai yi ba.

Amma gejin bai canja magana ba fa. Jijjigar da jiki ke ji ta ragu, shi kuwa yana nan a 5 a layin hagu har kusan minti uku, sai da aka rage wa injin wuta dan fara saukowa sannan ya dawo wajen 2, wanda shima ya fi na lafiyayyen inji. Zafin hayaƙin ma bai koma daidai ba. Duk cikinsu ba wanda ya tuna ya ga wannan lambar.

Me ya sa? Masu binciken hatsarin jirage na Birtaniya sun tona wannan tambayar sosai a rahotonsu da ya fito a 1990, kuma amsar ba guda ɗaya bace. Kyaftin ɗin tsohon hannu ne, ya haura awa dubu 13 a sama, amma a wannan samfurin na 400 awa 23 kawai yake da ita, mataimakinsa kuma 53. Yawancin shekarun kyaftin ɗin a wasu jiragen yai su irin su DC-9, waɗanda gejin girgizarsu ya yi ƙaurin suna wajen ƙarya, yakan tashi ba dalili har matuƙa suka saba da ƙyale shi. Shi da kansa ya faɗa wa masu bincike cewa ba kasafai yake kai ido kan gejin girgiza ba dan bai yarda da shi ba. Kaga kenan an gyara na'urar amma ba a gyara sunan da ta yi a zukatan masu amfani da ita ba, kuma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu dalla-dalla cewa wannan na sabon jirgin daban ne da wancan.

Sai kuma yanayin allon kansa. A tsofaffin jirage kowane geji agogo ne mai allura doguwa fara daga tsakiya, ko da wutsiyar ido ka kalla zaka ga ɗaya ta kauce wa 'yar uwarta. A 737-400 sai aka zo da sabon allo na lantarki, aka cire allurar aka sa 'yan ƙananan fitilu da ke zagaye bakin da'irar ta waje, gajeru, gejin girgizar kuma ƙarami ne a allon na biyu wanda ke ɓangaren dama, na injin hagu da na dama duk a can suke. Babu jan layi a jikinsa, babu rawaya, babu fitilar gargaɗi ko ƙararrawa da zata ce maka kai duba nan. Wato geji ya kai ƙarshen ma'auninsa amma shiru kamar ba abin da ya faru, a cikin ɗakin da ke rawa da daddare ga hayaƙi ga rediyo na ta magana. Da aka tambayi matuƙan da ke aiki da irin wannan allon bayan hatsarin, mafi yawansu sun ce baya jan hankalinsu in abu ya canja farat ɗaya, kuma sun fi son mai allurar.

Horon da aka ba su na komawa wannan samfurin ɗan gajere ne, na kallon hotuna da bayani a aji, dan a lokacin kamfanin ba shi da na'urar kwaikwayon tuƙi mai irin wannan allon. Ma'ana ranar farko da suka taɓa ganin yadda lalacewar inji take bayyana a sabon allon ita ce ranar da ta faru da gaske da mutum 118 a bayansu. Littafin ƙa'idar gaggawa kuma yana da shafin girgiza daban, shafin hayaƙi daban, babu inda aka haɗa biyun, alhali ko a shafin girgizar ba a ce dole ka kashe inji ba.

Kyaftin yana da nasa lissafin kuma, wanda ba na geji bane. Ya ɗauka hayaƙin daga ɓangaren fasinja yake tahowa, shi kuma a saninsa iskar fasinja daga injin dama ake ɗebo ta, dan haka dama ce ke ci. A wasu jiragen da ya tuƙa a baya wannan lissafin zai iya yin daidai, amma a 737-400 iskar fasinja tana da kason da ke zuwa daga injin hagu. Ilimi ne na gaske, na wani jirgin ne kawai.

Kar kuma wani ya ɗauka rashin yarda da geji wauta ce tsagwaronta, dan geji yakan yi ƙarya har ya kashe mutane. Shekara bakwai kafin wannan, ranar 13 ga Janairun 1982, wani 737-200 na Air Florida ya tashi daga Washington cikin dusar ƙanƙara, ƙanƙarar ta toshe ɗan bututun da ke auna matsin iska a bakin injunan, sai gejin ƙarfin inji ya nuna 2.04 alhali ainihin abin da injunan ke bayarwa wajen 1.70 ne. Mataimakin matuƙin ya ji a jikinsa abu ba daidai ba har ya faɗa, amma aka bi gejin, jirgin ya kasa ɗagawa ya daki gada ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka mutu har da huɗu da ke kan gadar. A can ma akwai N1 da N2 da zafin hayaƙi da suke nuna ƙarfin bai kai ba, da an haɗa su da an gane. Shi ya sa ƙa'idar da ake koyarwa ita ce ba a yanke wa inji hukunci da geji ɗaya, ana jera su ne a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. A Kegworth kuwa bakin nasu ya zo ɗaya, huɗu ne suke nuna hagu.

Mu koma cikin jirgin. Kamfani ya ce su karkata East Midlands, wanda dama nan ne gidansu kuma yana kusa. Kyaftin ya yi wa fasinja sanarwa cewa an samu matsala a injin dama an kashe shi, nan da kamar minti goma za a sauka. Wallahi wannan wajen yana da ciwo, dan fasinjoji da yawa da ke zaune a baya ta hagu da idonsu suka ga wuta na fita daga injin hagu, wasu sun ji ya ce dama abin ya ɗaure musu kai amma suka yi shiru, suna ganin ai matuƙi ya fi su sani. Ma'aikata uku da ke bayan jirgin suma sun ga wutar, su kuma suna ta kintsa kaya ba su lura da kalmar dama a sanarwar ba, kuma a zamanin ba a saba ma'aikacin cikin jirgi ya je ya gyara wa kyaftin zance kan inji ba.

Shi kansa kyaftin ya so ya sake bin lissafin. Muryarsa tana nan a na'ura yana tambayar mataimakinsa wai shin wace alama muka gani ne takamaimai, girgiza, hayaƙi... sai masu kula da zirga-zirgar jirage suka shigo da umarnin juyawa da saukowa, maganar ta katse ba a sake komawa kanta ba. Mataimakin kuma ya ɓata kusan minti biyu yana fama da kwamfutar hanya ta ƙi karɓar sabon filin. Duk tsawon saukowar injin hagu yana kan ƙaramar wuta shi ya sa ya lallaɓa ya kawo su. Da suka daidaita a ƙafa 3,000 aka ƙara masa wuta, gejin girgizar ya sake komawa 5, nan ma ba a gani ba.

Suna ƙafa 900, fitilun titin sauka suna gabansu, injin hagun ya saki gaba ɗaya. Masu bincike sun fi kyautata zaton guntun fiffiken da ya karye tun farko ya maƙale ne a bangon bakin injin, da aka ƙara wuta ya zame ya shige ciki ya farfasa sauran. Kyaftin ya ce a tada na dama, amma tada injin jet a sama yana son ko dai gudu sosai yadda iska zata juya shi ko kuma iska mai matsi da zata juya sitata, ga shi gudunsu ya yi ƙasa, wanda zai ba da iskar shi ne ya mutu, lokacin da ya rage kuma bai kai minti ɗaya ba. Ƙararrawar gobara ta tashi, a injin hagu. Wutsiyar jirgin ta fara dukan wata gona a gabashin hanyar M1 ɗin, ya ratsa bishiyoyi ya tsallake titin ya daki gangaren ɗaya gefen da ƙarfe 8:24. Ikon Allah ko mota ɗaya bai taɓa ba.

Kwana 18 kenan da faɗuwar jirgin Pan Am a garin Lockerbie na Scotland, dan haka hankalin Birtaniya a tashe yake. Da aka ga injin dama ba ya juyi lokacin da jirgin ya faɗi kuma ba a sami lahani a cikinsa ba, zargin farko ya tafi kan ko an haɗa wayoyin geji a juye ne tun daga masana'anta, hagu na nuna dama. An bi wayoyin an ga lafiyarsu lau.

Sai tambaya ta biyu, wadda ni na fi ganin an fi mantawa da ita: ta yaya fiffiken fankar injin da bai wuce awa ɗari biyar da 'yan kai ba zai karye? Samfurin 3C1 ƙarin ƙarfi aka yi wa wanda ya gabace shi, aka kai shi fam 23,500 na turi, kuma saboda ana ganin ai tsohon inji ne aka ɗan taɓa, doka bata tilasta a gwada shi a sama ba, a ƙasa aka gwada. Ashe in yana kan cikakkiyar wuta a can sama inda iska ta yi shara-shara, fukafukan fankar suna shiga wata irin karkarwa da kansu, suna lanƙwasa suna dawowa da sauri sosai har ƙarfen ya gaji ya tsage. A watan Yunin 1989 aka sake samun irin wannan karyewar har sau biyu cikin 'yan kwanaki a wasu 737-400 ɗin, ɗaya na Dan-Air ɗaya na British Midland ɗin dai, duka suka sauka lafiya, sannan ne aka dakatar da jiragen samfurin aka rage ƙarfin da aka yarda a ba injin har aka sake fasalin fankar.

Abin lura anan shine babu geji ko ɗaya a ɗakin matuƙa da zai iya hango wannan tsagewar kafin ta karye. Sensar girgiza karkacewar nauyi take ji, fiffiken da ya tsage amma bai rabu ba nauyinsa na nan daidai. Sauran dabarun duba lafiyar inji kuma kowacce da irin ciwon da take kamawa. Akwai wani toshe mai maganaɗisu da ake sakawa a hanyar dawowar baƙin mai, makaniki ya zare shi ya duba, in ya ga ɗan gari-gari baƙi mai laushi wannan cin yau da kullum ne, in kuwa ya ga ɓarɓashi mai sheƙi kamar ƙaiƙayi to boris ko giya ya fara ɓarewa, sai a kai ɗakin gwaji a gano irin ƙarfen dan a san daga inda ya fito. Akwai ɗibar man a auna ƙarafan da suka narke a ciki. Akwai siririyar kyamara mai lanƙwasa da ake zurawa ta wasu ƙofofi a jikin injin a leƙa ɗakin wuta da fankokin baya ba tare da an kwance shi ba. Akwai kuma bin sawun lambobi, inda ake ɗaukar N1 da N2 da zafin hayaƙi da shan mai a kowace tafiya a jera su wata da watanni, dan injin da ke tsufa sai ya ƙara shan mai da zafi kafin ya ba da ƙarfin da ya saba, tazarar da ke tsakanin zafinsa lokacin tashi da jan layi tana ta raguwa, in ta kusa ƙarewa sai a wanke kwampireso ko a sauke injin. Wannan ta ƙarshen ta shafe mu kai tsaye, dan irin waɗannan 737 ɗin na 300 da 400 da 500 masu CFM56-3 sun daɗe suna jigila tsakanin Kano da Abuja da Legas, kuma zafin rana da ƙurar hunturu duk suna cin wannan tazarar, ƙura tana goge bakin fukafukan kwampireso tana toshe ƙananan hudojin da ke sanyaya na baya. Amma tsagewar fiffiken fanka ita sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya da na'urar da ke leƙa cikin ƙarfe, kamar yadda aka tilasta bayan fankar wani 737 na Southwest ta karye a Afrilun 2018 fasinja ɗaya ta rasu. A Kegworth gejin bai isa ya hana karyewar ba, iyakarsa ya faɗi wane inji ne, kuma ya faɗa.

Rahoton bai wanke matuƙan ba, ya ce sun yi gaggawa kuma sun saɓa wa horon da aka ba su, kuma ba su tattara abin da gejojin ke nunawa ba kafin su ja totur. Gaskiya ne, a ƙafa dubu 28 ba abin da ke korarsu, ko gargaɗin gobara babu a lokacin, da sun ƙara ko rabin minti suna kallon allo da labarin ya canja. Kamfanin ya sallame su duka biyun daga baya. Sai dai ni ban yarda a tsaya nan ba, dan rahoton da kansa shawarwari 31 ya bayar kuma yawancinsu ba kan mutum biyun nan suke ba. Ya nemi a sa wa gejin girgiza abin jan hankali in ya kai ƙarshe, a wayar wa matuƙa kai cewa na sababbin jirage abin yarda ne, a horar da su a na'urar kwaikwayo mai irin allon da za su tarar, a gwada injin da aka ƙara wa ƙarfi a sama ba a ƙasa kaɗai ba, a koya wa matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi aiki tare yadda wanda ya ga wuta zai faɗa, har da duba yiwuwar sa kyamara a waje da zata nuna wa matuƙi injinsa. Wani ɓangaren kuma ya tafi kan ƙarfin kujeru da daɓen jirgi da yadda fasinja zai duƙa in za a faɗi, dan raunukan da aka gani a Kegworth an yi nazarinsu sosai.

Jiragen yanzu kwamfuta ce ke kula da injin, ita ke karanta sensa, in lamba ta wuce iyaka ta canja mata launi ta buga ƙararrawa ta rubuta maka sunan injin da matakan da zaka bi, wasu bayanan ma tun jirgi na sama ake tura su ga injiniyoyi a ƙasa. Ƙa'ida kuma ta zama kafin hannu ya taɓa totur ko makunnin mai na injin da za a kashe sai ɗayan matuƙin ya duba ya tabbatar da baki. Duk da haka ranar 4 ga Fabrairun 2015 wani ATR 72-600 na kamfanin TransAsia, jirgi mai farfela amma shima injinsa irin mai kwampireso da ɗakin ƙona kananzir ɗin nan ne, ya tashi daga Taipei, injin na 2, wato na dama, ya daina ba da ƙarfi jim kaɗan da tashi, allon ya rubuta ƙarara cewa na 2 ne, matuƙin ya ja totur ɗin na 1, na hagu, har aka kashe shi. Jirgin ya karkace ya goge gada ya faɗa kogin Keelung, mutum 43 cikin 58 suka rasu.